Ɓarin da ba abokin burmi ba: yadda muka haɗa kes biyu daban a injin wani tsohon AX100

Turo shi aka yi zuwa garejinmu. Babur ne Suzuki AX100 ɗan Japan, irin wanda yanzu sai ka yi wata ba ka ga ko ɗaya a titin Kano ba. Mai shi dattijo ne, tsohon malamin firamare, ya saye shi tun yana aiki, kuma har yau da shi yake zuwa gona. Jikansa ne ya riƙo kan babur ɗin, shi kuma yana biye da buhu a hannu. Da ya zazzage buhun sai ga fistin biyu, duka sun ƙuje, ga kuma fasasshen ɓarin kes, wato akwatin ƙarfe mai ɓari biyu da ke riƙe da kayan cikin inji.

"Ɗana, cikin wata uku fistin biyu ya ci," in ji shi. "Shekara da shekaru muna tare, bai taɓa yi mini haka ba. In ya mutu ne a gaya mini gaskiya, in haƙura in ba 'yan gwangwan."

Na ce, "Malam, a ba ni labarin tun daga farko tukuna."

Sarƙa ce ta tsinke masa a hanyar dawowa daga gona, da buhun masara a baya. Maimakon ta zube ƙasa, sai ta naɗe a ƙaramin haƙorin gaba, ta daki ɓarin hagu na kes ta fasa shi, man giya ya tsiyaye a hanya. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya ga irin wannan ɓarna, musamman a baburan da ake barin sarƙarsu ta saki. Bakaniken da ke kusa da su ya ce ai abu mai sauƙi ne, yana da mataccen injin AX100 ɗan China, ɓarin hagunsa lafiya lau. Ya ciro shi ya haɗa da ɓarin dama na asali. Notuna duka suka shiga ramukansu, aka buga kik, inji ya tashi. Malam ya biya, ya yi godiya.

Ba a yi sati biyu ba ya lura kik ya yi nauyi. Silo kuma, wato juyawar inji a hankali idan babur na tsaye, ya ƙi zama: in ya tsaya gaisawa da mutane, sai injin ya riƙa haurawa da kansa kamar ana murɗa totur. Ran nan yana cikin tafiya fistin ya cije. Aka sa sabo, aka ɗora laifin a kan famfon mai, aka ce ya riƙa zuba mai a cikin fetur. Ya yi yadda aka ce. Na biyun ma ya cije.

Zane ɗaya, yanka daban

Ban ga laifin bakaniken nan sosai ba, domin ido bai isa ya raba waɗannan ɓari biyu ba. Suzuki ta fito da AX100 a farkon shekarun 1980: silinda ɗaya, cc 98, faɗin fistin milimita 50, tafiyarsa sama da ƙasa ma milimita 50, giya huɗu. A 1984 aka fara haɗa shi a Indiya da sunan Ind-Suzuki. A China kuma kamfanoni irin su Jincheng na birnin Nanjing suka yi ta ƙera shi shekara da shekaru, kuma nasu ne ya cika garuruwanmu a zamanin da acaɓa ke tashe, kafin Boxer ta zo ta ture su. Zanen ɗaya ne, ramukan noti wuri ɗaya suke, kuma kowane inji a cikinsu lafiyayye ne muddin yana tare da nasa ɓarin.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake gama kes a masana'anta. Ana zuba narkakken alminiyam a fitar da kowane ɓari daban, daga nan a sa musu fil ɗin saiti, wato 'yan guntayen ƙarfe da ke tsayar da ɓari ɗaya daidai a kan ɗayan, a ɗaure su, sannan a aske mazaunin bulok, gidan da fistin ke hawa da sauka a ciki, a yanka ɗaya. A injina da yawa har guraben boris, wato zobban ƙarfe da sandunan inji ke juyawa a cikinsu, a haɗe ake huda su. Saboda haka duk ɗan kuskuren da injin masana'anta ya yi a ranar, su biyun suka raba shi, ya zama ba kuskure ba ne a tsakaninsu. Masu fafe ƙwarya sun riga mu sanin wannan. Duma ɗaya ake rabawa biyu, kuma kowace ƙwarya da abokin burminta. Ɗauko ta wani duman ka kifa, ko da girmansu ɗaya, za ka hango haske ta gefe.

Tsofaffin masu ƙera babur ba su ɓoye wannan ba. A da, Harley-Davidson a Amurka da Triumph a Ingila sukan buga lamba iri ɗaya a ƙasan kowane ɓari, kuma har gobe masu sayen tsofaffin baburan nan sai sun leƙa ƙasa sun ga lambobin sun dace kafin su yi ciniki. Suzuki ma a littattafanta na kayan gyara yawanci ɓari biyun a haɗe take sayarwa. Honda kuwa, a inji irin CG125, ta jera na hagu daban na dama daban, wato ta yarda da daidaiton yankanta har ta amince a canja ɗaya. Ke nan haɗa ɓari biyu daban ba haramun ba ne. Wani lokaci a dace. Sai dai a nan ɓari ɗaya daga Japan ya fito, ɗayan daga wata ƙasar, kuma Allah kaɗai ya san shekarun da ke tsakaninsu.

Ga shi kuma AX100 inji ne mai hayaƙi, irin wanda ke ƙona mai tare da fetur. A irin wannan inji, fetur da iska ba sa wucewa kai tsaye zuwa saman fistin. Sai sun fara sauka ɗakin karanshaf, sandar da fistin ke juyawa a cikin kes, fistin ya matse su yayin da yake saukowa, sannan su haura ta hanyoyin da ke jikin bulok. Ɗakin nan famfo ne, dole ya kasance a toshe ruf. In ya sami ƙofa ta wajen magineto ko ta gindin bulok, sai ya zuƙi iskar da ba ta bi ta kafireto ba, fetur ya yi kaɗan, zafi ya hau, fistin ya kumbura ya cije. In ta wajen kuloci ne, sai ya zuƙi man giya, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya riƙa jiƙewa. Silon da Malam ya ce yana haurawa da kansa ya riga ya nuna mini wane ne a ciki.

Abin da muka tarar

Kafin mu kwance ko noti ɗaya na kes, muka sauke injin, muka cire kafireto da salansa, muka toshe bakunan biyu da robar tsohon tiyub da faranti, muka hura iska ciki. Abin da nake amfani da shi zai ba wasu dariya: famfon hannu da agogon na'urar awon hawan jini. Ƙarshen agogon 300 ne, wanda bai kai rabin "bar" ɗaya na ma'aunin matsin iska ba, kuma daidai abin da ake bukata ke nan, domin in ka wuce haka za ka iya turo oyilsil, robar da ke toshe bakin karanshaf, waje da kanka. Muka hura zuwa 300. Kafin yarona ya ƙirga goma allura ta kwanta. Da muka yayyafa ruwan sabulu sai kumfa ta tashi wuri biyu: gindin bulok ta hagu, da oyilsil na bayan magineto.

Da muka ɗaga bulok, na aza miƙaƙƙen ƙarfe a kan mazauninsa, na zura fila geji, siraran ƙarafan da ake auna tazara da su. Ɓarin hagu ya fi na dama ƙasa da milimita 0.2. Kaurin takarda biyu ke nan. Amma bulok ya zauna daram a dama, a hagu kuwa gasket ba ta sami abin da zai danne ta ba. An cika wurin da gam, gam ɗin ya yi kwanakinsa, fetur ya cinye shi. Kuma da aka ɗaure notuna huɗun da ƙarfi, bulok ɗin ya ɗan sunkuya hagu, fistin ya riƙa tafiya a karkace.

Matsala ta biyu yarona ne ya gano ta. Fil ɗin saiti biyu ne ke tsakanin ɓarin, amma ɗaya muka samu. Ramin ɗayan cike yake da gam. Ba sai an gaya mini abin da ya faru ba: fil ya ƙi shiga, aka zare shi aka jefar, kes ya rufe, hankali ya kwanta. Alhali fil ɗin nan shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya a ranar. Ramin noti an yi shi da ɗan wasa don noti ya wuce, saboda haka shigar noti ba ta tabbatar da komai. Fil ne ke tsayar da ɓari ɗaya daidai a kan ɗan'uwansa. In ya ƙi shiga, yana gaya maka ne cewa ramukan ba su fuskanci juna ba, kuma in ramukan fil sun saɓa, da wuya guraben boris su dace.

Haka kuwa aka yi. Da notunan kes a sake, karanshaf yana juyawa da yatsa. Da mun ɗaure sai ya yi nauyi, ya riƙa cijewa a wuri ɗaya kowane zagaye. Boris na hagu, wanda bai fi wata uku ba, ya riga ya fara gurnani, leɓen oyilsil kuma ya cinye ta gefe ɗaya. Famfon man da aka yi ta zagi, da muka gwada shi, lafiyarsa ƙalau.

Shawara

Hanya uku na shimfiɗa wa Malam. Ta farko a yi wa fasasshen na asali walda. Na kai shi wurin wani mai waldar alminiyam da na yarda da hannunsa, ya juya shi ya ce tsagar ta kai bakin gurbin boris na sandar da ke ɗauke da haƙorin sarƙa. Zai iya cike ramin, amma zafi zai murɗa wurin, kuma ƙarfen da ya sha mai shekara talatin ba ya karɓar walda da daɗi. Da a ce can gefe ne ya fashe, nesa da boris, wallahi walda zan zaɓa, domin abokin burmi mai tabo ya fi baƙo lafiyayye.

Ta biyu, wadda ita nake so, a sayi kes cikakke, hagu da dama daga inji ɗaya. Muka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa muka yi ta bincike. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 injinan nan da yawa suka ƙare a hannun 'yan gwangwan, amma injin da ya yi acaɓa ya ga duniya. Cikakkun da muka samu, wani boris yana faɗawa gurbinsa ba tare da an tura ba, wani kuma an caccaka gurbin da fonci don ya riƙe. Irin wannan a sanyi kamar ya kama, amma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen boris, saboda haka da inji ya ɗauki zafi sai boris ya koma juyawa a gidansa. Ɓarin dama na Malam kuwa, da yake mutum ɗaya ne ya hau shi tsawon rayuwarsa, gurabensa kamar jiya aka yanka.

Sai ta uku ta rage: a riƙe na daman, a nemo masa na hagu da ya fi kusa da shi, abin da ya saura a gyara da hannu. Wani mai kaya ya yarda muka ɗauki ɓari uku, a kan za mu mayar da biyu.

Aikin

Karanshaf muka fara kaiwa aka duba, domin da shi za mu auna sauran, kuma karkataccen abu ba ya auna miƙewa. Iyakar da Suzuki ke bayarwa a irin waɗannan injina milimita 0.05 ce. Namu ya wuce haka, ga alamar guduma a bakinsa. Aka daidaita shi a kan agogon awo. Sannan muka ɗauki tsofaffin boris biyu masu ɗan sauran lafiya, muka goge cikinsu da samfefa har karanshaf ya riƙa shiga yana fita da hannu, don mu yi ta haɗawa muna warewa ba tare da duka ba.

Ɓari na farko fil ya ƙi, muka ajiye shi, ba gardama. Na biyu ya karɓi fil biyun, amma da muka ɗaure sai karanshaf ya yi nauyi. Na uku ya shige da bugun tafin hannu. Muka riƙa ɗaure notuna kaɗan kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, muna juya karanshaf bayan kowane zagaye. Har aka gama bai canja ba: in ka ɗaga shi ka saki, nauyinsa ne ke dawo da shi ƙasa. Muka ware, muka cire shi, muka sa sandunan giya biyu da gangar canja giya su kaɗai, muka sake rufewa. Giya huɗun suka shiga, sai dai sanda ɗaya tana da wasa gaba da baya fiye da yadda nake so, irin wasan da kan sa giya ta riƙa fita da kanta in an ɗauki kaya. Siririn washa ɗaya ya magance shi. Dalilin gwada su daban daban shi ne, in ka zuba komai lokaci guda abu ya yi nauyi, ba za ka san wane ne mai laifin ba.

Fuskokin da ke haɗuwa muka shafa musu baƙar tawadar alƙalamin maka, muka manna samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, muka goga kamar ana rubuta 8, har baƙin ya goge ko'ina. A nan ana bukatar rowa. Duk abin da ka ci a fuskar nan ka rage faɗin cikin kes ne, kuma abin da ke juyawa yanzu zai iya matsewa. Haka ma abin da ke shiga tsakanin ɓari biyun: yadda masana'anta ta yi haka muka mayar, ba mu ƙara kauri ba.

Saura mazaunin bulok. Sabon ɓarin ma ya fi na asali ƙasa, da milimita 0.15. Da shi ne ya fi tsawo, da an aske shi kawai an huta. Tunda shi ne gajeren, dole na Japan ɗin ne zai sha aska. Wannan ba hukuncin da zan yanke ni kaɗai ba ne, sai na kira Malam.

"Malam, in muka aske naku, shi ke nan ya tashi daga yadda aka ƙera shi. Ko gobe aka sami ɗan'uwansa na Japan sabo fil, sai an sake yanka."

Ya yi shiru, ya dubi buhun da ke jingine a bango. "Abokin zamansa na fari ai ga shi can a buhu, ɗana. A aske."

Muka cire dogayen notunan bulok, muka haɗa ɓari biyun da fil ɗinsu, muka ɗaure kamar za a tayar, muka kai wa mai injin feƙe ƙarfe. Na tsaya a kansa, domin abin da ya fi muhimmanci shi ne ya saita kes ɗin da layin karanshaf, ba da gindin kes ba. In ya kuskure nan, zai ba ka fuska mai sheƙi wadda ta karkace gaba ɗaya. Ya ɗauke milimita 0.2 daga saman na dama, aska ta ɗan taɓa na hagu, suka zama fuska ɗaya. Abin da masana'anta ke yi a ranar farko ke nan, mu muka yi shi bayan shekara talatin.

Askin nan yana da bashi. Bulok ya sauko da 0.2, ke nan tagogin da ke jikinsa, inda fetur ke shiga hayaƙi ke fita, sun sauko, lokacin buɗewarsu ya canja, kan fistin kuma ya ƙara kusantar hed, murfin saman bulok. Muka biya bashin da gasket ɗin gindi wadda ta fi ta asali kauri da 0.2, muka yanka ta da kanmu bayan mun auna takardar. Don mu tabbatar, na lanƙwasa wayar dalma irin ta masu gyaran rediyo, na zura ta ramin fulogi zuwa gefen hagu, na juya inji fistin ya latse ta, na sake yin haka a dama. Kaurin biyun ya zo ɗaya. Bulok ya zauna a miƙe.

Wajen haɗawa ta ƙarshe guduma ba ta fito daga akwati ba. Muka ɗora kowane ɓari a kan risho har ɗigon ruwa ya riƙa rawa a kansa, sababbin boris kuma suna cikin leda a kan ƙanƙara, suka faɗa gurabensu da kansu. Karanshaf janyo shi muka yi da noti da bututu. Sababbin oyilsil, sabon fistin, aka goge cikin bulok. Da yake farantin wuta a jikin ɓarin hagu yake zama, muka sake duba lokacin wuta. Sannan muka koma kan na'urar hawan jini. Muka hura zuwa 300, yarona ya tafi sayo shayi ya dawo, allura tana nan inda muka bar ta.

Bayan haka

Muka zubar da fetur ɗin da aka cakuɗa da mai, muka fitar da iska daga famfon mai, na ce ya yi sati biyu yana lallaɓa shi ba kaya. Bayan sati uku ya dawo a kai, ba a ture ba. Fulogi ruwan ƙasa, silo zaune, kik da sauƙi. Abu ɗaya ya rage wanda ban iya gyarawa yadda nake so ba: murfin magineto na asali bai zauna cif a kan baƙon ɓarin ba, akwai ɗan tsani a gefensa da ido ke gani. Ba ya shigar da ruwa, na bar shi.

Aikin ya ci mana kwana tara, da zirga-zirgar kasuwa, da kuɗin mai feƙe ƙarfe. Da wani mai neman abinci da babur ne ya kawo mini, zan ce masa ya nemi inji cikakke ya ɗora, domin kwana tara a ajiye sun fi ƙarfin aljihunsa. Kuma da ɓari na ukun ma ya matse karanshaf, da na tsaya nan. Gyara guraben boris da suka saɓa yana nufin a huda su a cusa musu zoben ƙarfe a sake yankawa a layi ɗaya, kuma wannan ya fi kuɗin babur ɗin.

Sai maganar lamba. Lambar injin da ke cikin takardun Malam tana jikin ɓarin da ya fashe, sabon kuwa da tasa lambar ya zo. Jikan ya kawo shawarar a goge a buga tsohuwar. Na ce ba a garejina ba, domin lambar da aka goge aka sake bugawa ita ce abu na farko da ke sa a ɗauki babur a matsayin na sata, ko da mai shi na gaskiya ne. Na karɓo masa rasit daga mai kayan da lambar sabon ɓarin a rubuce, na ƙara da takardar garejinmu mai bayanin aikin, na ce ya kai ofishin lasisi a gyara masa takardu. Fasasshen ɓarin kuma na mayar masa cikin buhunsa, na ce kada ya kuskura ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya ɗaure buhun a bayan babur, inda buhun masara ke zama, jikan ya haye, suka nufi hanyar Gwarzo.